Idan Jami'a Ta Ce Ka Daina Kiran Sunanta: Jagora Ga Mai Shafin Suka

A watan Nuwamban 2013 babban lauyan Jami'ar Jihar Chicago a Amurka, Patrick Cage, ya aika wa wani malamin kimiyyar siyasa na jami'ar, Phillip Beverly, da wasiƙar gargaɗi. Beverly da wasu abokan aikinsa suna da shafi a intanet mai suna CSU Faculty Voice, inda suke caccakar hukumar jami'ar kan son kai wajen ɗaukar ma'aikata da rashin iya shugabanci a zamanin shugaban jami'ar Wayne Watson. Wasiƙar ta dogara da abu biyu: shafin yana amfani da suna da alamomin jami'a ba da izini ba, kuma rubuce-rubucensa sun saɓa wa ladabin da ake so malami ya nuna. Aka ba su 'yan kwanaki su rufe shi. Ba su rufe ba. A watan Yulin 2014 Beverly da Robert Bionaz, malamin tarihi, suka maka jami'ar a kotun tarayya da taimakon ƙungiyar FIRE mai kare 'yancin faɗar albarkacin baki a jami'o'i, kuma a farkon 2019 aka sanar da sasanci: jami'ar za ta biya dala 650,000, ta kuma gyara dokokinta na amfani da kwamfuta da na cin zarafi ta intanet.

Shekara biyar kenan ana abu ɗaya, kuma ba kowa ke da juriyar Beverly ba. Yawancin masu samun irin wannan wasiƙa suna rufe shafinsu a daren da suka karanta ta, ba tare da wani alƙali ya taɓa ganin takardar ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai, domin sau da yawa gaskiya na hannunsu. Wannan jagora ta ɗalibi ce, ko tsohon ɗalibi, ko malami, ko mahaifi, wanda ke son buɗe shafin sukar wata jami'a a Amurka, ko ya riga ya buɗe har wasiƙa ta iso. Ba za ta maye gurbin lauya ba, amma za ta sa ka shiga ofishin lauya kana sane da abin da ake magana a kai.

Abin da alamar kasuwanci take karewa

Dokar tarayya da ke tsare alamun kasuwanci a Amurka ita ce Dokar Lanham ta 1946. An yi ta ne don kada a yaudari mai saye game da asalin kaya ko hidima. A ce wani ya buga tambarin sanannen kamfani a jikin atamfar jabu ya kai kasuwa: ya cuci kamfanin, ya cuci matar da ta saya. Amma matar da ta sayi ta ainihi, ta wanke ta ga tana zuba, ta tsaya a bakin rumfa tana faɗa wa jama'a cewa atamfar kamfanin wane ba ta riƙe launi, ba ta saci alamar kowa ba. Dole ta kira sunan, in ba haka ba wa zai san wace atamfa take nufi? Duk dokar tana zagaye ne a kan wannan bambanci.

Don jami'a ta yi nasara a ƙarar keta alama, sai ta nuna cewa ka yi amfani da alamar dangane da sayarwa ko tallar kaya ko hidima, sannan akwai yiwuwar mutane su ruɗe su ɗauka shafinka nata ne ko da yawunta kake magana. Shafin da ke cike da zargin hukumar jami'a da wuya wani mai hankali ya ɗauka hukumar ce ta wallafa shi. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya shiyya ta tara ta yi hukunci a shari'ar kamfanin Bosley da Kremer. Michael Kremer ya je an yi masa dashen gashi, aikin bai yi masa daɗi ba, ya yi rajistar adireshi da sunan kamfanin ya cika shi da suka. Kotun ta ce tunda ba ya sayar da komai a shafin, ba a kama shi da keta alama ba, ko da sukar ta rage wa kamfanin ciniki. A 2004 ma wata kotun tarayya a Ohio ta ba wani tsohon malamin Kwalejin Zane ta Savannah gaskiya kan shafinsa na sukar kwalejin, bisa hujjar cewa ba kasuwanci yake yi ba.

Akwai wani zargi na biyu da lauyoyi ke son jefawa cikin wasiƙa, wato cewa ka dusashe kwarjinin alamar ko ka shafa mata baƙin fenti. Gyaran da majalisa ta yi wa wannan sashe a 2006 ya ware abubuwa a fili waɗanda ba sa shiga ciki: suka da sharhi da barkwanci kan mai alamar, rahoton labarai, da duk amfanin da ba na kasuwanci ba. Idan wasiƙa ta ambaci dusashe alama ba ta ambaci waɗannan togaciya ba, ka san rabin dokar aka karanta maka.

Sai 'yancin faɗar albarkacin baki. Gyaran fuska na farko ga kundin tsarin mulkin Amurka, na 1791, gwamnati yake ɗaure wa hannu. Jami'ar jiha, irin ta Chicago ko ta Kalifoniya, reshen gwamnati ce, saboda haka idan ta yi amfani da alamarta don rufe bakin mai suka za ka iya kai jami'anta ƙara kai tsaye. Jami'a mai zaman kanta ba ta ƙarƙashin wannan tanadi haka nan, amma duk iyakokin Dokar Lanham suna hawa kanta idan ta zo kotu. Tambayar farko da za ka yi kenan: jami'ar nan ta gwamnati ce ko ta kuɗi?

Tun kafin ka buɗe shafin

Mafi yawan shari'o'in da masu suka suka faɗi, tun ranar gina shafi suka faɗi. Fara da adireshi, domin nan ne rigima ta fi zafi.

Adireshin da ya fi tsaro shi ne wanda mai karatu zai gane suka ce tun bai latsa ba. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara shiyya ta shida ta duba rigimar kamfanin Taubman, mai gina manyan kantuna, da wani mai zanen shafuka a Texas, Henry Mishkoff, wanda ya yi rajistar taubmansucks.com da wasu irinsa bayan kamfanin ya kai shi ƙara. Kotun ta ce kalmar kushe da aka liƙa wa sunan ta kawar da duk wani ruɗani, kuma wannan magana ce da tsarin mulki ya kare. Haka shafin thedarksideofucsb.com, mai sukar Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Barbara: sunansa kaɗai ya gaya maka ba ofishin shugaban jami'a ne ya buɗe shi ba. Jami'ar ta yi masa barazana da sashe na 92000 na dokar ilimi ta jihar, wanda ya mai da sunan jami'ar mallakar jiha, amma ta janye a farkon 2005 bayan FIRE ta sa baki. A 2009 reshen Los Angeles ya maimaita irin wannan kan wani tsohon ɗalibi mai shafin ucla-weeding101.info, shi ma aka janye.

Adireshin da ya yi daidai da sunan jami'a tsurarsa, ko ya bambanta da harafi ɗaya, ya fi haɗari. Ana iya cin nasara da shi, kamar yadda Christopher Lamparello ya ci. Ya yi rajistar fallwell.com, da ƙarin harafi ɗaya a kan sunan Jerry Falwell, mai wa'azin da ya kafa Jami'ar Liberty, yana sukar ra'ayoyinsa. Kwamitin sasanta rigimar adireshi ya ba Falwell gaskiya, kotun farko ma haka, sai a 2005 kotun ɗaukaka ƙara shiyya ta huɗu ta juya hukuncin. Ta ce ba a duba adireshi shi kaɗai, sai a haɗa da abin da ke cikin shafin, kuma duk wanda ya buɗe shafin Lamparello zai gane nan take ba na Falwell ba ne. Amma ka lura hawa nawa ya yi kafin ya kai ga wannan, kuma lauyan ƙungiyar Public Citizen, Paul Alan Levy, ne ya tsaya masa. Shawarata ita ce kada ka sayi wannan wahala. Sa kalmar suka a adireshin, ka huta.

Abu na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Kada talla ta shiga shafin. Kada ka sa mahaɗin da zai kai mutum kantin da ake biyanka kamasho, ko shagon ɗan'uwanka, ko wata jami'a da ke gasa da wadda kake suka. Mishkoff da kansa ya taɓa sa mahaɗin sana'arsa da na kasuwancin riguna na budurwarsa, kuma abin da ya cece shi shi ne ya cire su. Wanda bai tsira ba shi ne Michael Doughney, da ya kama peta.org a 1995 yana yi wa ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ba'a. Shafinsa na ɗauke da mahaɗai zuwa masu sayar da nama da fata, sannan ya faɗa wa 'yan jarida cewa in ƙungiyar tana son adireshin ta yi masa tayi. A 2001 kotun shiyya ta huɗu, wadda daga baya ta ba Lamparello gaskiya, ta kayar da shi. Idan kana amfani da masaukin kyauta da ke liƙa talla da kansa, gara ka biya 'yan daloli a wata ka koma wanda ba ya yi.

Wannan maganar tayi ba ƙarama ba ce. Dokar hana kama adireshi don cin riba ta 1999 tana hukunta wanda ya yi rajistar adireshi mai kama da alamar wani da mugun nufin samun riba, kuma diyyar da ta yanka tana kamawa daga dala 1,000 zuwa dala 100,000 kan kowane adireshi. Cikin abubuwan da alƙali ke dubawa akwai ko ka nemi sayar da adireshin, ko ka ba da bayanan ƙarya wajen rajista, ko ka tara adireshi da yawa masu kama da alamun mutane. Ko Kremer da ya ci nasara kan keta alama, kotu ta mayar da wannan ɓangaren na shari'arsa ƙasa a sake dubawa. Saboda haka, ko da wasa, ko a saƙon waya, kada ka ce wa wani jami'in jami'a idan suka mayar maka da kuɗin makarantarka za ka ba su adireshin. Jimla ɗaya irin wannan tana mai da mai suka ɗan kama-wuri a idon doka. Idan kana son ɓoye sunanka, yi amfani da hidimar sirranta bayanai da kamfanonin rajista ke bayarwa, amma su kamfanin ka ba su gaskiya.

Na uku, kamannin shafin. Kira sunan jami'ar da harafi na yau da kullum iya yadda kake buƙata. Kotun shiyya ta tara ta shimfiɗa ƙa'idar wannan a 1992, a shari'ar mawaƙan New Kids on the Block da wasu jaridu: ana iya ambaton alama idan ba wata hanyar nuna abin sai da ita, idan ba a ɗauki fiye da buƙata ba, kuma idan ba a nuna kamar mai alamar ya sa albarka ba. A aikace ma'anarsa ita ce ka bar hatimin jami'a da tambarinta da launukanta da salon rubutun shafinta. Tambari yana iya zama ƙarƙashin haƙƙin mallakar zane ma, wata ƙofa ce daban da ba ka buƙatar buɗewa. Hotunan harabar makaranta kuwa ka ɗauka da wayarka, kada ka kwaso daga shafinsu. Sannan a saman shafin farko, inda ido zai fara sauka ba can ƙasa da ƙananan haruffa ba, ka rubuta wani abu kamar haka: wannan shafi ba na jami'ar ba ne, ba ta amince da shi ba, ra'ayin masu shi ne, ga mahaɗin shafinta na ainihi. Lamparello ya yi haka, kuma kotu ta lura.

Riguna da huluna da kofuna wani fage ne daban, kuma jami'o'in Amurka suna samun kuɗi sosai da su, shi ya sa ba sa wasa a nan. A 2008 kotun shiyya ta biyar ta ba Jami'ar Jihar Louisiana da wasu uku gaskiya kan kamfanin Smack Apparel da ke buga riguna da launukansu ko da babu sunansu. A watan Yunin 2023 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin giya na Jack Daniel's da masu ƙera wani abin wasan karnuka da ya kwaikwayi kwalbarsa, ta ce idan ka mai da alamar wani ta zama alamar hajarka, cewa barkwanci kake yi ba zai ba ka wata kariya ta musamman ba. In za ka tara kuɗin gudanar da shafi, kada ya zama ta sayar da kaya masu sunan jami'ar.

Idan kai ɗalibi ne ko ma'aikaci, kada ka taɓa shafin da kwamfutar jami'a, ko imel ɗinta, ko layin intanet ɗinta, ko a lokacin aiki. Da zarar ka yi, ka ba su hanyar ladabtar da kai ta dokokin cikin gida ba tare da sun ambaci abin da ka rubuta ba.

Ranar da wasiƙa ta iso

Yawanci tana zuwa ta imel da ta gidan waya a tare, a kan takarda mai hatimin ofishin lauyan jami'a ko wani babban kamfanin lauyoyi. Sakin layi na farko zai jera lambobin rajistar alamomi. Na biyu zai faɗi shekarun da jami'ar ta yi da darajar sunanta. Na uku zai jero sassan doka da alƙaluman diyya mafi tsoratarwa. Na ƙarshe zai ba ka kwana biyar ko goma ka rufe shafi, ka miƙa adireshi, ka sa hannu kan alkawarin ba za ka sake ba. Ka sani wannan wasiƙa ce kawai. Ba sammaci ba ce, ba umarnin kotu ba ce, kuma wa'adin da ke ciki lauyan ne ya zaɓa, ba doka ba. Duk da haka kada ka jefar da ita.

A ranar, kada ka kira lauyan a waya, kada ka ba shi amsa cikin fushi, kada ka goge komai. Adana shafin gaba ɗaya kamar yadda yake, da hotunan allo masu kwanan wata, da takardun rajistar adireshi, da duk saƙon da kuka taɓa yi da jami'ar. Wanda ya share hujja bayan ya san ana shirin ƙara yana jawo wa kansa hukunci na dabam. Bayan ka adana, gyara halal ne: in akwai talla cire ta, in akwai hatimi sauke shi, in babu sanarwar nesanta kai sa ta. Lauya zai taimaka maka ka rubuta cewa gyaran ba amsa laifi ba ne.

Sai ka zauna da wasiƙar da biro ka raba ta gida-gida. Ja layi ƙarƙashin duk abin da ya shafi alama da gaske, wato ruɗani da kasuwanci. Zagaye duk abin da ya shafi abin da ka faɗa: rashin ladabi, zubar da mutuncin jami'a, tayar da hankali. Idan zagayen ya fi layin yawa, wasiƙar ta tona asirin kanta, kuma in jami'ar ta gwamnati ce wannan hujja ce babba a hannunka. Ambaton ladabi a wasiƙar Chicago ya nuna wa kowa cewa ba tambari ne ya dame su ba. Haka a Jami'ar Jihar Iowa: hukuma ta amince wa wata ƙungiyar ɗalibai mai neman a halatta tabar wiwi ta buga riga da tsuntsun jami'ar, sai da 'yan siyasa suka yi ƙorafi a 2012 ta janye ta ƙara tsaurara musu. A 2017 kotun shiyya ta takwas ta ce wannan wariya ce bisa ra'ayi, kuma abin ya ci wa jihar kusan dala miliyan ɗaya. Ba sai ka yarda da abin da ɗaliban ke nema ba kafin ka ga dalilin kotun. Hukumar da za ta iya yi musu haka saboda ra'ayinsu za ta iya yi wa masu ra'ayinka gobe.

Duba lambobin rajistar da aka jero a rumbun ofishin alamun kasuwanci na Amurka, wanda kyauta ne a intanet. Za ka ga ko rajistar tana raye, da kuma wane aji ta shafa: aji na 41 na hidimar ilimi ne, na 25 na tufafi. Kai ba makaranta ka buɗe ba, ba riga kake sayarwa ba.

Daga nan nemi taimako, kuma akwai masu yi kyauta. FIRE, da aka kafa a 1999, ta fi kowa sanin rigimar jami'o'i, kuma sau da dama wasiƙarta kaɗai ke kashe magana, kamar yadda aka gani a Kalifoniya har sau biyu. Akwai EFF mai kare haƙƙin jama'a a intanet, da sashen shari'a na Public Citizen, da reshen ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU na jiharka, da Student Press Law Center ga ɗalibai 'yan jarida. Makarantun koyon lauya da dama ma suna da ofisoshin taimakon shari'a kyauta. Aika musu da wasiƙar, da adireshin shafin, da tarihin abin a shafi ɗaya.

Amsar da ta fi aiki gajeriya ce mai sanyi. Ta ce shafin suka ne ba kasuwanci ba, ta nuna sanarwar nesanta kai, ta ambaci hukunce-hukuncen da suka dace da shiyyar da kake, ta nemi jami'ar ta kawo misali ko da ɗaya na wanda ya ruɗe, sannan ta nemi a janye barazanar a rubuce. Shiyya tana da muhimmanci, domin hukuncin kowace kotun ɗaukaka ƙara jihohin da ke ƙarƙashinta kawai yake ɗaurewa. Idan suka ƙi janyewa kuma suka ƙi kai ƙara, suka bar ka a rataye, doka ta ba ka damar riga su zuwa kotu ka nemi alƙali ya ayyana cewa ba ka keta komai ba. Amfaninsa shi ne kai ke zaɓar kotun da ke kusa da gida. Jihohi fiye da 30 suna da dokokin korar ƙarar da aka shigar don toshe baki, ta Kalifoniya tun 1992, amma suna aiki ne kan zarge-zargen dokar jiha kamar ɓata suna. Ba sa kashe zargin Dokar Lanham a kotun tarayya.

Ko a wallafa wasiƙar? A ganina, bayan shawara da lauya, e. Barazana irin wannan ta fi ƙarfi a ɓoye. Ana iya tura ta rumbun Lumen na Jami'ar Harvard, inda ake tara irin waɗannan takardu, a kuma ba jaridar ɗalibai. A 2003 mawaƙiya Barbra Streisand ta kai wani mai ɗaukar hoto ƙarar dala miliyan 50 kan hoton gidanta na bakin teku, wanda kusan ba wanda ya taɓa buɗewa. Ƙarar ce ta jawo dubban ɗaruruwan mutane suka je kallo, kuma ta faɗi. Ofishin hulɗa da jama'a na kowace jami'a ya san wannan labari.

Hanyoyin da ba sa bi ta kotu

Jami'a na iya tsallake ka ta tafi wurin kamfanin da ke ba shafinka masauki. Sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996, wanda ke kare irin waɗannan kamfanoni daga laifin abin da masu amfani suka rubuta, bai haɗa da haƙƙin mallakar fasaha ba, don haka wasu kamfanoni sukan sauke shafi don gudun rigima. Shi ya sa ya kamata kullum ka riƙe kwafin shafinka a wani wuri, kuma kamfanin rajistar adireshi ya zama daban da na masauki, yadda in ɗaya ya juya maka baya za ka tashi a wani wurin cikin yini guda. Idan aka sauke shafin da takardar ƙorafi ta dokar DMCA ta 1998, duba da kyau: wannan doka ta haƙƙin mallakar rubutu da hoto ce, ba ta alamar kasuwanci ba. Kana iya tura takardar musantawa, kuma in mai ƙorafi bai kai ƙara ba ana mayar da abin cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14. Sai dai takardar musantawa tana buƙatar sunanka na gaskiya da amincewa da hurumin kotu, abin da mai ɓoye suna zai auna sosai.

Hanya ta biyu ita ce tsarin sasanta rigimar adireshi na UDRP, wanda hukumar ICANN ta kafa a 1999. Duk wanda ya yi rajistar adireshi mai ƙarewa da .com ko .org ko .net ko .info ya amince da shi, ko a Kano yake zaune ko a Yamai. Mai ƙorafi yakan kai takarda cibiyar WIPO a Geneva ko wata irinta, kuma dole ya tabbatar da abu uku gaba ɗaya: adireshin ya yi kama da alamarsa, ba ka da wani haƙƙi ko halastacciyar manufa a kansa, kuma ka yi rajista kana amfani da shi da mugun nufi. Ba a yanka diyya a nan, adireshin kawai ake ƙwacewa ko a soke. Wannan wa'adi na gaske ne: kwana 20 kake da su ka ba da amsa, kuma sanarwar tana zuwa imel ɗin da ka bayar wajen rajista, wanda mutane da yawa sun manta da shi. Masu yanke hukunci a wannan tsari sun fi kotunan Amurka tsanani kan adireshin da ya yi daidai da alama tsurarta, ko da suka ce zalla a ciki, amma sukan sassauta wa wanda ya haɗa da kalmar kushe muddin ba kasuwanci. In ka faɗi, ana jira kwanakin aiki 10 kafin a miƙa adireshin, kuma shigar da ƙara a kotu cikin wannan lokaci yana dakatar da miƙawar.

Duk wannan kariya ta alama ce, ba ta hana a kai ka ƙarar ɓata suna. Jami'a mai zaman kanta ko wani jami'i a ƙashin kansa na iya yi, kamar yadda Jami'ar Butler ta kai wani ɗalibinta mai rubutu da sunan aro ƙara a 2009 kafin ta janye. Raba abin da ka gani da abin da kake zato, ajiye takardar da ke bayan kowane zargi, kuma kada ka wallafa sakamakon jarabawa ko bayanan lafiyar wani ɗalibi.

Ɗalibinmu da ke karatu a Amurka da bizar karatu yana da 'yancin magana, amma zamansa a ƙasar ya rataya a kan rajistarsa a makaranta, don haka dakatarwa ko kora ta fi yi masa illa fiye da abokin ajinsa ɗan ƙasa. Ya ga lauyan shige da fice tun kafin ya wallafa, ba bayan an kira shi kwamitin ladabtarwa ba. Wanda kuma jami'ar da yake suka a Najeriya take, kada ya ɗauki hukuncin Lamparello ko na Bosley ya tafi da shi kotun Kaduna. Sashe na 39 na kundin 1999 ya ba shi 'yancin bayyana ra'ayi, amma abin da ya fi saurin iso masa ba wasiƙar alamar kasuwanci ba ce. Ƙorafi ne ga 'yan sanda bisa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ko zargin ɓata suna a ƙarƙashin dokar Penal Code. Ya nemi lauyan da ya saba da waɗannan, ya ba wani amintacce lambarsa da kwafin duk takardun hujja kafin rubutu na farko ya hau shafi.